Wuƙar da Za Ta Bi Auta Daji

Tun da aka sallamo Maigida daga asibiti ya zaɓi kujerar da ke bakin taga ya mai da ita gida. A nan yake cin abinci, a nan yake gyangyaɗi, a nan yake karɓar masu dubiya, idan ya ga damar karɓarsu ke nan. Hawan jini ne ya kayar da shi a banɗaki wata safiya, ya taɓa masa ɓarin dama. Ƙafar ta ɗan dawo, yana iya janta da sanda. Bakin ma ya miƙe, har ya fi da kaifi. Hannun ne ya ƙi. Yana nan kwance bisa cinyarsa kamar kayan wani da aka ba shi ajiya.

Mutumin da ya ƙarar da ƙarfinsa a gandun daji ne fa. Shekara da shekaru yana gadin itatuwa da namun dawa, daga baya aka mai da shi mai horar da sababbin ma'aikata. Tun da na aure shi ban taɓa ganin ya zauna wuri ɗaya har shayinsa ya huce ba. Na sha yi masa gorin cewa da daji aka ɗaura masa aure, ni shaida kawai na zo. Yanzu ga shi Allah ya ba ni shi ɗungurungum, safe da yamma, kuma wallahi ba haka na roƙa ba.

Likitar da ke zuwa gasa masa jiki ba ta ɓoye mini komai ba. Wata rana da na raka ta bakin ƙofa ta rage murya ta ce, "Mama, hannun dama sai yadda Allah ya yi. Amma na hagu lafiyarsa lau. Idan bai fara aiki da shi ba, bai tashi yana tattaki ba, ƙafar ma za ta koma. Na ga irinsa da yawa. Zaman ne ke cinye su, ba ciwon ba."

Babu abin da ban gwada ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka, na yi gaba da shi ta wuni guda wadda ni kaɗai na san ana yi. Na ajiye masa ruwa nesa da kujera don ya tashi ya ɗauka, ya gwammace ya kwana da ƙishi. Maɓallin riga ma ba ya gwadawa. Sai ya ɗaga haɓa kawai ya jira ni, yana kallon sama. In na ce ya gwada da hagu, amsa ɗaya ce.

"Da tsufana za ki mai da ni bahago?"

'Ya'yanmu duk sun kama gabansu, saura Auta. Ita kaɗai ce ta ɗauko kansa, da son daji da taurin kan duka. Ana cikin wannan hali aka ɗauke ta aiki a ma'aikatar da ya bari. An fara ba su horo a cikin gari, kuma a ƙarshen wata za a kwashe su a kai su can cikin daji, a rarraba su, kowa ya kwana ya tashi shi kaɗai da butar ruwa da igiya da 'yar tukunya da wuƙa. Ranar da ta faɗa masa, na zuba masa ido ina jiran ya zabura. Ya ce, "Allah ya ba da sa'a," ya juya wajen taga. Wannan ya fi ranar faɗuwarsa ba ni tsoro.

A kicin dabarar ta zo mini, ina yankan albasa da tsohuwar wuƙata da shi yake wasa mini ita a da, wadda yanzu ko tumatir sai ta yi shawara kafin ta shiga. Na kira Auta na tura ƙofa.

"Kin sayi wuƙar tafiyar?"

"Gobe zan je. Na ma san wadda nake so."

"Ba ita za ki sayo ba. Ki je ki nemo mini wuƙa mafi muni a garin nan."

Ta dube ni. "Mafi muni, Mama?"

"Wadda idan ubanki ya ɗora ido a kanta jininsa zai tafasa."

"Jinin nasa ne fa ya kawo mu nan."

"Ya sha maganinsa. Ke dai je ki."

Yarinyar nan ba ta ba ni kunya ba. Abin da ta shigo da shi washegari ya kai tsawon damtse. Baƙi ne wuluk, an huhhuda jikinsa don ado, an yi wa bayansa haƙora kamar zarto. Ƙotar kuma holoƙo ce, tana da murfi da ake murɗewa, a ciki an cusa ashana da zare da ƙugiyar kamun kifi. Muka tsaya a tsakiyar falo, muka ba kujerar baya, muka fara wasanmu.

"Kai, Auta, wannan ai ko zaki ya gan ta sai ya gaishe ki," in ji ni. "Har da agogo a gindinta."

"Kamfas ne, Mama. Mai nuna gabas da yamma."

"To ai shi ke nan, kin gama. Me ya rage?"

Na ƙara yabon haƙoran, na yabi nauyin, har na fara jin kunyar kaina. Can sai muka ji murya daga bakin taga.

"Miƙo."

Auta ta miƙa masa, ya sa hannun hagu ya karɓa. Na gani kuwa. Tun da ya dawo gida, wannan ne karo na farko da ya miƙa hannun nan don ransa ya so. Ya girgiza wuƙar kusa da kunnensa, ashanar ciki ta yi ƙara.

"Ƙarfen nan a ina ya tsaya?" ya tambayi Auta.

"A bakin ƙota, Baba."

"Me ya riƙe shi?"

"Ƙusa guda."

"Ƙusa guda. Ranki za ki rataya a kan ƙusa guda. Ki ɗora ta a kan itace ki buga sau biyu, ƙota ta tsaya a hannunki, ƙarfe ya tafi yawonsa. Sai ki zauna ki kalli kamfas." Ya ajiye ta a kan tebur ya ture da yatsa. "Ku biyun nan kun mai da ni ƙaramin yaro. Yarinyar da na koya wa fere itace tun kanta bai kai tebur ba, ba za ta sayi wannan ba sai an aike ta. Kuma na san wanda ya aike ta."

Da na ga asiri ya tonu sai na gyara tsayuwa. "An aike ta ɗin. Sai me?"

Auta ta durƙusa gefen kujerarsa. "Baba, mai shagon ya ce zai canza mini. Amma ba zan koma ba sai da kai. Idan ba ka je ba, da wannan zan tafi."

"Ƙarya kike."

"Ka san ni."

Ya san ta kuwa, don kansa ne a wuyanta. Wuƙar ta zauna a kan teburin nan, ni kuma na ƙi ɗauke ta, ina share ƙura a gefenta ina barinta. Idan ya juya wajen taga, ba ya daɗewa sai ya waiwayo ya harare ta. Ana saura 'yan kwanaki tafiyar Auta, da hantsi, ina ninke wanki, ya yi gyaran murya.

"Takalmana na fita, kin bayar ne?"

Na ƙi ɗaga kai. "Na kusa dai."

Fitarmu aiki ce. Daga kujera zuwa ƙofa sai da muka huta, daga ƙofa zuwa mota ya zagi matakalar da shi da kansa ya sa aka gina. Auta ta tuƙa mu, shi yana gaba yana gyara mata tuƙi kamar yau ta fara. Ni ina baya ina jin daɗin faɗan.

Shagon siriri ne mai zurfi, irin wanda ake sayar da kayan masu kwana a waje. Tantuna a naɗe har rufi, igiyoyi kala-kala, fitilu, takalman ruwa, sandunan kamun kifi. Wurin yana warin roba da sabuwar fata. A can ƙurya akwai wani gungumen itace da duk ya sha sara, inda masu sayen gatari ke gwaji. Wuƙaƙen suna cikin akwatin gilashi. Mai shagon mutum ne mai tumbi da fara'a, yana ganin Auta da baƙar wuƙar ya fara dariya.

"Na ce za ki dawo. Amma fa ita ta fi tafiya a shagon nan."

"Ina masu sayenta ke zuwa da ita?" in ji Maigida.

"Bango, Baba. Ratayewa suke yi."

"To, ka faɗi gaskiya. Ba ni kujera, ka fito da sauran."

Aka ajiye masa kujera gaban akwatin. Mai shago ya shimfiɗa ƙyalle ya jera wuƙaƙe, manya da ƙanana. Maigida ya fara korarsu ɗaya bayan ɗaya da bayan yatsa. Masu naɗewa suka fara tafiya.

"Mai naɗewa tana da gaɓa," ya ce wa Auta, "kuma a gaɓar nan take cin amana. Kina cikin aiki ta rufe a kan yatsunki. Ta aljihu ce, ta yankan igiya da gyaran farce. Ta daji ƙarfe ɗaya ce, tun daga tsini har gindi."

Ya ɗauki wata ya juya ta, ya nuna mana ƙarfen da ya ratsa tsakiyar ƙota ya leƙo ta ƙarshe. Ya ce ko ƙotar ta tsage, a naɗa tsumma a ci gaba da aiki. Dogaye ma ya kore su. Ya sa Auta ta buɗe tafin hannunta, ya ɗora kaifin a kai, duk wadda ta zarce faɗin tafin da yawa ya ce a mayar.

"Ba yaƙi za ki ba. Turaku za ki fiƙe, itace za ki tsaga, kifi za ki gyara. Babbar wuƙa gajiyar da ke za ta yi, sannan ta yanke ki."

Daga nan ya ce a kawo ruwa da sabulu. Mai shago ya ɗan yi turus, ya shiga ciki ya fito da bokiti. Maigida ya sa Auta ta cuɗa hannu da kumfa, ta riƙe kowace ƙota ta murza. Wata mai ƙotar katako mai sheƙi, wadda na ga idon Auta yana kanta tun shigowarmu, ta sulluɓe mata kamar kifi.

"Ai ni ma na san wannan," na ce. "Duk wuƙar da ba ta riƙuwa da hannu mai maiƙo, ba ta kicin ba ce."

"Kin ji uwarki. Yau ta faɗi daidai."

"Yau kaɗai?"

Bai kula ni ba, amma na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya ture baƙaƙen ƙota da masu launin ganye. Ya ce wuƙar da ta saje da ciyawa, ranar da ta faɗi ta tafi ke nan. Aka bar biyu, duka masu ƙotar roba ruwan lemo, munana kamar kayan wasan yara. Auta ta yamutsa fuska.

"Wa zai gan ki a can?" ya ce. "Birai?"

Muryarsa ta dawo irin ta da, mai cika ɗaki. Wasu mutum biyu da suka shigo sayen fitila sun bar fitila sun matso suna saurare. Ya bayyana cewa ɗaya ƙarfenta ba ya tsatsa amma yana da wuyar wasawa, ɗayar kuwa tana tsatsa idan aka bar ta da laima, sai dai ko a dutsen rafi aka goga ta za ta yi kaifi. Ni dai ina tsaye ina ta hamdala a zuci, ina ganin mun gama cin nasara.

"Sauran magana sai an ji su a itace," in ji shi. "Ba ni sanda."

Mai shago ya miƙo masa wani busasshen reshe. Abin da ya biyo baya ba zan manta da shi ba. Maigida ya karɓi reshen da hagu, yadda ya saba yi tsawon rayuwarsa, sannan kafaɗarsa ta dama ta yunƙura za ta ɗauki wuƙa. Kafaɗar ta tafi, hannun bai bi ta ba. Ya manta. Daɗin magana ya sa ya manta, sai jikinsa ya tuna masa a gaban mutane.

Ya kalli hannun. Sannan ya cije, ya matse reshen tsakanin gwiwoyinsa, ya ɗauki wuƙar da hagu. Gwiwar dama ba ta da ƙarfin matsewa. Ya tura kaifin, reshen ya juya. Ya sake, wuƙar ta nutse ta maƙale. A karo na gaba reshen ya fice gaba ɗaya, wuƙar ta goce ta wuce kusa da cinyarsa, ta kuɓuce ta faɗi ƙasa da ƙara. Masu sayen fitila suka koma kallon fitila. Mai shago ya fara goge gilashin da ba shi da datti.

"Ku kai ni gida," in ji Maigida. Muryar ta koma ta bakin taga.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni na ƙulla wannan. Ni na fito da shi daga inda ya ɓoye rauninsa na kawo shi kasuwa. Na san idan ya koma kujerar nan yau, ba mai sake tayar da shi, kuma da hannuna na yi. Na sunkuya na ɗauko masa sandarsa, ina ƙoƙarin kada hawaye ya zubo a gaban baƙi.

Auta ba ta yi niyyar tafiya ba. Ta tsuguna ta ɗauki wuƙar daga ƙasa, tana juya ta.

"Baba, in tambaye ka. Idan na zame a kan dutse na karya hannun dama, ni kaɗai, ga ruwa ya jiƙa ni, ga sanyi. Yaya zan hura wuta?"

"Kada ki yi wa kanki baki."

"Ba baki ba ne. Kai ka ce dutsen rafi ya fi maciji kayar da ma'aikata. In ya faru, shi ke nan? In zauna in jira?"

Har yau ban sani ba ko shirya tambayar ta yi ko tsoro ne ya fito da ita. Na tambaye ta daga baya, ta ce ita ma ba ta sani ba. Abin da na sani shi ne fuskarta ba ta wasa ba ce a lokacin, kuma ni kaina ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Maigida ya dube ta. "Ba a koya muku ba?"

"Ba mu kai nan ba."

"Ba za ku kai ba. Wanda ke koyar da ku, ni na koyar da shi, kuma rabin lokacin barci yake." Ya ja numfashi. "Jawo mini gungumen can."

Mai shago da ɗaya daga cikin masu fitila suka mirgino shi har gabansa. Ya karɓi wuƙar, ya riƙe ta tsini ƙasa, ya caka ta a saman gungumen a ɗan karkace. Ya ce a ba shi guntun katako, ya buga gindinta har ta kafu. Ya girgiza ta, ba ta motsa ba.

"Kin ga amfanin ƙarfe ɗaya. Waccan mai kamfas da tuni ta zubar da ashanarta." Ya sa ƙafar hagu ya tokare gungumen. "Kaifi ya kalli gaba, kada ya kalle ki. Mai hannu biyu yana riƙe itace ya tura wuƙa. Mai hannu ɗaya kafe wuƙa yake, itace ya yi tafiya."

Ya ɗora reshen a jikin kaifin ya jawo shi wajensa. Na farko ya ci da yawa, ya fasa. Na biyu bai ci komai ba. Na ga gumi ya tsattsafo masa a goshi, don hannu ne da bai taɓa yin aikin kirki ba sai riƙe wa ɗan'uwansa kaya. Ya faɗa wa ɗaruruwan matasa wannan dabara, ya gwada musu ita da hannunsa mai ƙarfi yana dariya, bai taɓa zaton shi za ta yi wa rana ba. Na buɗe baki zan ce ya huta. Auta ta taka mini ƙafa.

Ya gyara zama, ya ɗan kwantar da reshen, ya sake ja a hankali. Sai ga wani siririn sassaƙe ya taso, ya naɗe kansa, ya tsaya a jikin reshen bai faɗi ba. Ya sake ja, wani ya bi bayansa. Ya ci gaba, yana juya reshen kaɗan-kaɗan da yatsu, har kan sandar ya yi tuƙu-tuƙu da sassaƙe fari mai laushi. Ƙarar kaifi a jikin itace kawai ake ji da numfashinsa.

"Kana da ƙyastu?" ya tambayi mai shago.

Aka kawo irin na zamani, ɗan baƙin ƙarfe kamar fensir. Maigida ya sa aka tara sassaƙen a gindin wuƙar, ya ɗora ƙyastun a bayanta ya fizga. Babu ko tartsatsi. Ya sake, babu. Ya shafa bayan wuƙar da babban yatsa ya yi tsaki.

"An goge mata baya ya yi sumul. Kyau suka nema. Cire ta, kafa ɗayar."

Wannan karon Auta ce ta kafa, ta buga. Ita wannan bayanta yana da kusurwa mai kaifi. Ja ɗaya ya yi, wuta ta watsu kamar an zubar da ita, sassaƙen ya kama, hayaƙi ya tashi.

"Baba, shagon haya ne fa," in ji mai shago, yana rarumo bokitin sabulu.

Maigida ya yi dariya. Dariya ta gaske, mai girgiza kafaɗa, rabin fuskarsa yana binta a baya. Ni kuwa sai na tsinci kaina ina duba farashin wata fitila da ba na bukata, don kada a ga idona.

"Wannan ce wuƙarki," ya ce wa Auta bayan an kashe wutar. "Za ta yi tsatsa in kin yi lalaci, ki riƙa shafa mata mai. Yanzu sa hannun damanki a aljihu."

"Yanzu?"

"Da sai kin karye?"

Ta sa hannu a aljihu ta tsuguna. Abin nata ya fi nasa muni. Reshe ya fasa, ya goce, ya kusa tsone wa mai shago ido. Maigida ya matso da kujerarsa da kansa, ban ma ga lokacin da ya ja ta ba, ya kama gwiwar hannunta yana gyara mata.

"Ba ƙarfi ba ne. Kwantar da shi. Kina ja kamar mai kokawa da akuya. Sake."

Ta sake, ta kuma sakewa. Ya hana ta tashi sai da ta fitar da sassaƙen da ya yarda da shi, kuma ya yarda ne da ƙyar. Ɗaya daga cikin masu fitila ya ce shi ma a ba shi ya gwada, Maigida ya ce ya bi layi. Na zauna a kan wani naɗaɗɗen tanti ina kallonsu, cike da daɗi da gajiya. Hannun dama yana nan inda yake a kan cinya, bai canza ba, kuma na san watakila ba zai canza ba. Amma an daɗe a shagon nan ba wanda ya kalle shi, har mai shi.

Da aka zo naɗe kaya, mai shago ya zura wuƙar a kubenta zai sa a leda.

"Biyu," in ji Maigida.

"Na'am, Baba?"

"Irinta biyu. Ko ɗaya gare ka?"

Mai shago ya dube ni, ni kuma na dubi rufi. Ya shiga ciki ya fito da wata. Maigida ya miƙe tsaye, ya jingina da akwatin gilashi, ya ce wa Auta ta rataya masa kuben a bel. Ta rataya a dama, hannunsa bai kai ba. Ta mayar hagu, sai kaifin ya juyo baibai, maɓallin kuben ya koma baya inda yatsa ba ya isa. Ya gwada zarewa, ta ƙi.

"Duk na masu dama ne," in ji mai shago. "Haka suke zuwa. Amma akwai baduku a bayan layin nan da ke ɗinka mini na hagu idan an nema. Sai dai ba ya sauri, sai mako mai zuwa."

"Ya yi da fata mai kauri. Kuma ya bar ƙofa a ƙasa don ruwa ya fita."

"An gama. Kada ka wahalar da kanka, Baba, ku bar mini kwatancen gida, in ya gama zan aiko."

"Kada ka aiko. Ni zan zo in gwada a jikina, in bai yi ba ya sake."

Na ce, "Auta fa ta tafi lokacin. Ni kuma ka san ban iya tuƙi ba. Wa zai kawo ka?"

Ya karɓi sandarsa daga hannuna, ya juya ya nufi ƙofa yana jan ƙafa, ba tare da ya jira wani ya riƙe shi ba. A bakin ƙofar ya tsaya, ya leƙa titi dama da hagu, yana kare ido daga rana.

"Bas ɗin unguwarmu," ya ce wa mai shago, "a wane gefe take tsayawa?"